Kafin A Sake Aza Harsashin Wata Makaranta

A watan Maris na 2015, Ministar Kuɗi ta wancan lokaci, Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ta isa Chibok a madadin Shugaba Goodluck Jonathan, ta aza harsashin sake gina makarantar sakandaren 'yan mata da mayaƙan Boko Haram suka ƙone a daren 14 ga Afrilu, 2014, daren da suka yi awon gaba da ɗalibai 276. A wancan lokaci da wuya a sami wata makaranta a nahiyar Afirka da idon duniya yake kanta kamar wannan. Watanni goma kafin aza harsashin, a taron tattalin arzikin duniya kan Afirka da aka gudanar a Abuja, tsohon Firayim Ministan Birtaniya, Gordon Brown, ya jagoranci ƙaddamar da Shirin Tsaron Makarantu, inda 'yan kasuwa suka yi alƙawarin dala miliyan 10, gwamnatin tarayya kuma ta yi alƙawarin ƙara wasu miliyan 10. Duk da wannan gata, ba a buɗe makarantar ba sai a watan Yunin 2021, bayan gwamnatin Jihar Borno ƙarƙashin Gwamna Babagana Umara Zulum ta ɗauki aikin ta ƙarasa shi. Tsakanin harsashi da buɗewa an ɗauki shekara shida da 'yan watanni, wato tsawon lokacin da yaro ke shiga ajin farko na ƙaramar sakandare har ya rubuta jarrabawarsa ta fita.

Idan makarantar da sunanta ya zaga duniya ta yi irin wannan jira, ba sai an faɗi halin da sauran suke ciki ba, waɗanda babu wanda ya damu da zamansu sai ɗalibansu da malamansu da mutanen garin. Hausawa sun ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. Abin da labarin Chibok ke nunawa shi ne, makomar aikin gyara makaranta ko sake gina ta takan tabbata tun kafin a sauke buhun siminti na farko. A kan tebur ake yanke ta, a cikin takardar da wani jami'i ya rubuta, wani darakta ya sa wa hannu, wani hadimi ya kai wa maigidansa domin a saka ta cikin kasafin kuɗi. Saboda haka maganar ta fi shafar ma'aikatan tarayya da hadiman ministoci da na 'yan majalisa fiye da yadda ta shafi birkiloli da kafintoci.

Yadda aka saba yi sananne ne. Wani babba ya kai ziyara tsohuwar makarantarsa, ko hoton ajin da iska ta yaye wa rufi ya bazu a Facebook, sai a wayi gari an saka layi guda a kasafi: gyaran makaranta kaza, naira miliyan kaza. Ba wanda ya je ya duba tsagar bango, ba wanda ya ƙirga yaran da ke kwana a ɗaki ɗaya, ba kuma wanda ya tambayi shugaban makaranta abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. Adadin kuɗi ne ke riga zuwa, daga baya a nemo aikin da zai yi daidai da shi. Shi ya sa ake ganin makaranta mai ƙofar shiga ta alfarma da sabon fenti a bangon da ke kallon titi, amma a bayan ajujuwa yara na bin daji saboda makewayi ya cika tun shekarun baya.

Doka ba ta amince da haka ba. Dokar ba da kwangilar gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta wajabta wa kowace ma'aikata ta fara da tantance buƙata kafin ta tsara kwangila, ta kuma hana ƙulla kwangila sai an tabbatar akwai kuɗin biyanta. Duk jami'in da ya taɓa zama a kwamitin tsara kwangila ya san waɗannan sharuɗɗa biyu. Inda gizo ke saƙa shi ne, an mayar da tantance buƙata shafin takarda da ake cikewa bayan an gama yanke shawara, domin fayil ya cika ka'ida kawai.

Tantance buƙata ta gaskiya aiki ne na ƙafa. Injiniya mai rajista da hukumar COREN, da mai zanen gini, da mai ƙididdigar kayan gini, su je makarantar su yi kwanaki, su bi gine-ginen ɗaya bayan ɗaya. Su rubuta halin da harsashi da ginshiƙai suke ciki, su hau silin su ga ko gara ta cinye katakon rufi, su bi wayoyin lantarki da bututun ruwa, su auna tazarar da ke tsakanin rijiyar burtsatse da ramin masai. A ƙarshe kowane gini ya sami hukuncinsa a rubuce: wannan kulawa kawai yake buƙata, wannan a gyara shi, wannan ba ya gyaruwa sai rushewa. A haɗa da adadin ɗaliban da ake da su yau da waɗanda ake sa rai nan da shekara goma. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ɗalibai 40 ga malami guda a babbar sakandare, amma duk wanda ya leƙa makarantun unguwannin da ke kewaye da Abuja, irin su Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, ya san yadda yawan jama'a ya shige gaban gine-gine. Gyaran da bai yi lissafin wannan ba, ranar da aka ƙaddamar da shi ya riga ya yi kaɗan. Haka kuma a nemo takardun filin makarantar a tabbatar da iyakarsa, domin makarantu da dama sun wayi gari filin wasansu ya zama shaguna da gidaje, saboda babu wanda ya adana taswirar.

Daga wannan rahoto ne kaɗai za a iya amsa babbar tambaya, wato a gyara ne ko a rushe a gina sabo. Masu neman kwangila sun fi son rushewa, domin sabon gini ya fi tsoka. Tsofaffin ɗalibai kuwa sukan fi son a bar komai yadda suka san shi, ko da bangon ya fara sunkuyawa. Dukkansu ba su ne ya kamata su yanke hukunci ba. Da yawa daga cikin kwalejojin haɗin kan ƙasa an gina su ne a shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta faɗaɗa tsarin da aka fara a 1966 da kwalejoji uku a Sakkwato da Warri da Okposi. Gine-ginen wancan zamani da yawansu suna da baranda mai faɗi da rufi mai tsawo da tagogi masu fuskantar juna, abin da ke sa aji ya yi sanyi ba tare da fanka ba. Idan injiniya ya tabbatar ginshiƙansu na da ƙarfi, rushe su asara ce, domin sau da yawa abin da ake maye gurbinsu da shi ɗan ƙaramin aji ne mai ƙaramar taga da kwano mara kauri, wanda ke zama tanderu a watan Afrilu. Amma idan harsashi ya zauna, ko rodi ya yi tsatsa har ya fasa siminti, shafa fenti a kai yaudarar kai ce, kuma wasa ne da rayukan 'ya'yan mutane. Akwai kuma tsohon rufin asbestos da ke kan gine-gine da yawa na wancan lokaci, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu idan aka farfasa shi. Sauke shi aikin ƙwararru ne, kuma dole a sa kuɗinsa a lissafi tun farko.

Tarihin Kwalejin Barewa ya nuna cewa ko sauya mazauni ba laifi ba ne idan da dalili. An kafa ta a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Ƙaura biyu ba ta hana ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa ba, kuma tsohon gininta na Katsina yana nan cikin kayan tarihin ƙasa. Darajar makaranta tana tare da malamanta da tarbiyyarta, kuma ana iya adana abin tarihi a lokaci guda da samar wa yara wurin da ya dace da su.

Bayan an yanke hukunci kan kowane gini, sai maganar abin da za a fara da shi. A nan darasin Queen's College da ke Yaba a Legas ya isa ishara. Makaranta ce ta gwamnatin tarayya da aka kafa a 1927, tana cikin mafi daraja a ƙasar nan, kuma iyaye na rububin samun gurbi a cikinta. A farkon 2017 cutar amai da gudawa ta ɓarke a cikinta, ɗalibai fiye da dubu suka je asibitin makarantar, uku suka rasu, kuma binciken hukumomin lafiya na Jihar Legas ya gano ƙwayoyin cuta a ruwan da yaran ke sha. Babu bangon da ya faɗo wa kowa. Abin da ya yi kisan yana ƙarƙashin ƙasa, cikin bututu da tanki da magudana, wuraren da babu mai ɗaukar hotonsu ranar biki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Don haka ma'aunin jeranta ayyuka ya kamata ya zama mai sauƙi: a fara da abin da zai iya kashe yaro, sannan abin da zai iya korar sa daga makaranta, sannan abin da zai hana shi koyo, sai a ƙarshe abin ado. Bisa wannan ma'auni, ruwan sha da makewayi da magudanar ruwa su ne a gaba. Ga yarinyar da ta balaga, rashin makewayi mai ƙofa da ruwa ya isa ya sa ta riƙa fashin makaranta kwanaki a kowane wata, har ta daina zuwa. Sai ɗakunan kwana: kowane ɗaki ya zama yana da ƙofa biyu masu buɗewa waje, a kuma sake duba ƙarafan da ake toshe tagogi da su saboda ɓarayi, domin ranar gobara su ne ke mayar da ɗaki keji. Sai sake wayoyin lantarki da suka tsufa, sai rufi, sai kicin da ɗakin cin abinci da ɗakin shan magani. Ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya da ɗakin karatu su biyo baya. Ƙofar shiga da ofishin shugaban makaranta da babban ɗakin taro su jira.

Tsaro ma ya shiga sahun farko, kuma ba a buƙatar dogon bayani kan dalili. A ranar 17 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara a Jihar Neja, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da ɗalibai 27 tare da wasu ma'aikata da iyalansu. Hotunan makarantar da suka fito bayan harin sun girgiza mutane kusan kamar harin kansa, saboda lalacewar ajujuwa da ɗakunan kwanan da yaran ke zaune a ciki. Wata huɗu bayan haka, a ranar 17 ga Yuni, aka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a Jihar Kebbi, kuma wasu daga cikin 'yan matan da aka sace sun kusa shekara biyu kafin su dawo gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Katanga kaɗai ba za ta tsayar da mutum ɗari masu bindiga ba, kuma duk wanda ya ce za ta yi ya faɗi son ransa. Amfaninta shi ne ta jinkirta mahari, idan an haɗa ta da fitilun sola, da ƙararrawa, da hanyar kiran jami'an tsaro, da titin da mota za ta iya bi ko da damina. Wurin da aka ajiye ɗakunan kwana ma tsaro ne: ɗakin da ke bakin daji, nesa da gidajen malamai, gayyata ce. Gidajen malamai da aka bari suka zama kufai a makarantu da yawa su ne a da ke sa a sami manya a harabar makaranta dare da rana. Akwai kuma tambayar da ba a son yi: shin wannan makaranta za ta ci gaba da zama ta kwana? Bayan hare-haren 2020 da 2021 jihohin Arewa da dama sun rufe makarantun kwana na karkara. Zuba ɗaruruwan miliyoyi a ɗakunan kwanan da iyaye ba za su sake yarda 'ya'yansu su kwana a ciki ba ɓarnar dukiya ce. Ita kanta makarantar Chibok, da aka sake buɗe ta, ta koma ta maza da mata, alamar cewa sake gini dama ce ta sake tunani kan irin makarantar da gari ke buƙata. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Tsaron Makarantu ta duniya, ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a watan Oktoban 2021, kuma tana da manufa da ƙa'idojin tsaron makarantu a rubuce. Abin da ya rage shi ne waɗannan ƙa'idoji su shiga cikin zanen gini da takardar ƙididdiga, maimakon su tsaya a kan kanta.

Wata doka da ake yawan mantawa da ita ita ce ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su zama masu shiguwa ga kowa, kuma wa'adin ya cika a farkon 2024. Duk zanen gyaran makaranta da bai tanadi gangaren keken guragu da makewayin da ya dace da su ba ya saɓa wa doka tun a kan takarda.

Sai maganar lokaci, wadda masu zama a ofis suka fi saurin mantawa da ita. Makaranta ba kamar hanya ba ce da za a karkatar da motoci har a gama. Yara suna ciki. Jarrabawar WAEC da ta NECO kan mamaye watannin Mayu zuwa Yuli, kuma babban hutun da makaranta ke zama fayau yana faɗowa ne a Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Arewa. Wanda ya yaye rufin ɗakin kwana a wannan wata ba tare da sabon kwano a ƙasa ba, ya jiƙa silin da katifu da bango gaba ɗaya. Kyakkyawan tsari zai raba aikin kashi-kashi, ya bar haƙa da zubin harsashi ga rani, ya fayyace a rubuce inda ɗaliban kowane ɓangare za su zauna kafin a taɓa ɓangarensu. Tambayar da aka kasa amsawa a Chibok tsawon shekaru ke nan: ina yaran garin za su yi karatu kafin a gama? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wannan kuɗi yake ci, kuma a nan akwai giɓin da ma'aikatan tarayya suka fi kowa saninsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma hurumin hukumar ya tsaya ne a aji uku na ƙaramar sakandare. Asusun harajin ilimi, wanda a da yake taɓa kowane mataki, tun 2011 ya koma TETFund, ya taƙaita ga manyan makarantun gaba da sakandare. Babbar sakandare ta zama marainiya a tsakani. Hukumar NSSEC da aka ɗora wa kula da wannan mataki ba ta daɗe da fara aiki ba, kuma ba ta kai ƙarfin takwarorinta biyu ba. Mafi yawan makarantun sakandare na jihohi ne, gwamnatin tarayya kuwa tana riƙe da kwalejojin haɗin kai sama da 100, waɗanda ke dogara da kasafin Ma'aikatar Ilimi na shekara-shekara.

Wannan giɓi ne ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa ke ƙoƙarin cikewa, kuma a nan hadimai ke da babbar rawa. An daɗe ana ware naira biliyan 100 a kowace shekara domin waɗannan ayyuka. A watan Nuwamban 2019, a wani taron hukumar ICPC, Shugaba Buhari ya koka cewa an ware kimanin naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba tare da an ga tasirinta a rayuwar talaka ba. A shekarar ce hukumar ta fara bin sawun irin waɗannan ayyuka. Cikin abubuwan da aka sha bankaɗowa akwai saka aikin gina aji a kasafin hukumar da ba ruwanta da ilimi, wadda ba ta da injiniyan da zai duba aikin, ba ta kuma san ma'aikatar ilimin jihar ba. Haka ake samun rukunin ajujuwa uku a tsakiyar filin ƙwallo, ba kujeru, ba malami, da sunan mai girma a jikin bango. Hadimin da ke son maigidansa da alheri zai fara tambayar ko makarantar na da cikakken tsarin gyara, sannan ya zaɓi kashi guda daga cikinsa wanda kuɗin da ake da shi zai iya gamawa.

Gamawa ita ce kalmar. Tun bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023 farashin kayan gini ya yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da dama a farkon 2024. Ƙididdigar da aka yi bara ba ta sayen kayan bana. Ga kuma jinkirin sakin kuɗin manyan ayyuka, wanda ya sa a 'yan shekarun nan ake ta tsawaita wa'adin kasafin wata shekara zuwa cikin mai bi mata. A irin wannan yanayi, raba ɗan abin da ake da shi ga gine-gine goma a lokaci guda yana nufin kango goma. Ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami, ya yaye rufi, ya cire tagogi, kuɗi ya tsaya, ya kwashe kayansa, makaranta ta koma baya fiye da yadda ya same ta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ɗakin kwana ɗaya da aka gama, da ruwansa da wutarsa da gadajensa, ya fi goma da aka fara.

Ranar da aka miƙa makullai kuma ita ce ranar da lalacewa ke farawa. Kwano guda da ya ɗaga, idan ba a buga masa ƙusa ba, damina biyu ta isa ya ruɓar da katako ya zubar da silin. Famfon da ke ɗiga yakan zama bangon da ya jiƙe. A watan Afrilun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan Umarnin Shugaban Ƙasa na 11 kan kula da gine-ginen gwamnati, wanda ya umarci ma'aikatu da hukumomi su kafa sassan kula da gine-ginensu. Umarnin ba zai yi aiki a makaranta ba sai an ba shugabanta kuɗin kulawa na yau da kullum, tare da mai gyaran famfo da mai gyaran wuta da kafinta da zai iya kira ba tare da ya rubuto takarda Abuja ya jira wata shida ba. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 500 a 2020 ya kuma ƙara miliyan 700 a 2023, ya ɗauki hanyar tura ƙananan tallafi kai tsaye ga kwamitocin gudanar da makarantu domin ƙananan gyare-gyare. Hikimar a bayyane take: wanda ruwa ke zuba a kansa ya fi kowa sanin inda rufi ke yoyo. Ya kamata kowace takardar neman amincewa da aikin gyara ta zo da shafin da ke bayyana nawa kulawa za ta ci a shekara da kuma layin kasafin da zai ɗauke ta. Kuma kada a saki kason da ake riƙe wa ɗan kwangila sai ginin ya ga damina, shugaban makaranta da wakilan iyaye sun sa hannu cewa ba ya yoyo.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sun cancanci yabo, domin a makarantu irin su Barewa da King's College sun ɗauki nauyin da gwamnati ta sauke. Sai dai gudummawarsu ma tana buƙatar linzami. Idan kowane rukunin shekara ya zaɓi abin da zai ɗauki sunansa, za a tara ɗakunan taro da ƙofofi, rijiya kuwa ta ci gaba da zama a ƙafe. Tsari guda da aka liƙa a allon sanarwar makaranta, aka kuma wallafa a intanet, zai nuna wa gwamnati da ɗan majalisa da tsohon ɗalibi da mai taimako abin da ke kan layi, kowa ya ɗauki na gaba.

Za a ce wannan duka jan lokaci ne, yara na zaune a ƙasa ana maganar rahoto. Za a kuma ce kuɗin masu bincike wata ƙofar ci ce. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma binciken makaranta guda aikin 'yan makonni ne, kuma Ma'aikatar Ayyuka da ta Gidaje da ma'aikatun jihohi suna da injiniyoyin da ake biya albashi domin irin wannan aiki. Makonni shida na dubawa ba su kai shekara shida na kango ba. Abin da ke barazana ga rai, kamar gurɓataccen ruwa ko bangon da ke shirin faɗuwa, ba ya jiran rahoto, kuma dokar kwangila ta tanadi hanyar gaggawa dominsa. Masu cewa matsalar ƙarancin kuɗi ce kawai su tuna cewa ƙarancin ne ma ya sa tsari ya zama dole. Mai yalwa zai iya kuskure ya sake, mai ɗan kaɗan ba shi da wannan dama.

Yawancin manyan ma'aikatan da ke Sakatariyar Tarayya a yau makarantun gwamnati ne suka yaye su, a lokacin da famfo ke zuba, ɗakin gwaji ke da kayan aiki, malami kuma ke kwana a harabar makaranta. Da yawansu yanzu suna kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, amma 'ya'yan direbobinsu da masinjojinsu da danginsu na ƙauye suna can inda suka baro. Idan fayil ɗin gyaran wata makaranta ya iso teburin ɗayansu, yana da ikon ya mayar da shi da tambayoyi a rubuce. Ina rahoton injiniya? Me ya sa aka fara da wannan gini? Ina yara za su zauna lokacin aiki? Kuɗin da ke ƙasa zai gama wane kashi? Wa zai kula da shi bayan an tafi, kuma da wane kuɗi? Fayil ɗin da ya kasa amsa waɗannan bai isa a kai shi gaban minista ba, balle a sa ranar aza harsashi.